Ruwan Rake

Kakana Budhram ya sari rake shekara arba'in da ɗaya
a gonakin Berbice, inda teku ke leƙen ƙasa ta kan katanga.
Yakan ce da za a jera abin da addarsa ta kayar,
da an yi gada daga nan har Georgetown.
Yau shekararsa tamanin da tara.
Sukarin da ya loda wa jiragen ruwa ya dawo,
ya tare a jininsa, ba sallama, ba kuɗin haya.

Da ƙafa ciwon ya fara.
Ran nan ya dawo daga bakin kwalbati yana fito,
ƙusa mai tsatsa ta nutse a tafinsa har kai,
bai sani ba.
Ya ga ja a matakala, ya ce, "Wa ya yanka kaza?"
Wata biyu gyambo yana ruwa.
A asibitin New Amsterdam aka cire yatsu biyu,
ya ce a ba shi abinsa,
ya binne a gindin mangwaron da Phulmatie ta shuka.

Tun daga nan, kowane dare, ni da fitila da tawul,
ina bin tsakanin yatsu takwas
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
"Ka ji na matsa?"
"Na ji," in ji shi,
alhali hannuna yana kan gwiwata.

Ido ya bi sawu.
Fuskata ta zame masa inuwa mai murya,
kuɗi sai ya shafa, agogo sai ya tambaya.

Sai na zama dogari a gidan da aka goye ni.
Na kwashe madarar gwangwani, na ba maƙwabta sukari,
ranar Diwali na tare kwanon alawa a bakin ƙofa.
Ya ce, "Sattie, ko shugaban lebura bai kai ki ba."
Na ji daɗin maganar, Allah ya sani.

Wani dare na ruwa, loma biyu ya yi ya ture kwano.
Ya sha ƙwaya, ya manta, ya sake sha.
Ƙarfe uku na same shi sharkaf da gumi,
jiki na ɓari, yana kira na da sunan matarsa.
Na soki yatsa. Arba'in da takwas.
Nas Waveney ta ce a waya, "Yana iya haɗiya?
Ba shi zaƙi, yanzu yanzu."
Na buɗe kabad, na buɗe gwangwani, wayam.
Ni na share gidan da hannuna.
Garin neman gira, ga ido zai tafi.

Na zari addarsa daga bayan ƙofa,
na faɗa ruwan sama ba takalmi,
na sari rake ɗaya a bayan shinge,
na daka a turmi, na matse a gefen zane,
cokali, cokali, ina tallafe da keyarsa.
Can sai rawar jiki ta lafa.
Ya lashi leɓe, ya yi shiru, ya ce,
"Wa ya sari wannan? A sama aka sara.
Zaƙi a gindi yake."

Da safe likita ta soke ƙwaya ɗaya.
Ta ce ƙoda ta gaji, magani na daɗewa a jiki,
kuma a shekaru irin nasa
faɗuwar sukari ta fi hawansa saurin ɗaukar rai.
Ta ce in sassauta. Ban ɗaga kai ba.

Yanzu akwai kwalba mai shuɗin murfi kusa da gadonsa.
Ba ya taɓawa, sai dai ya girgiza ya ji ƙara.
Jiya ina shafa masa mai a dunduniya,
ya juyo da kunnen da har yau bai tsufa ba:
"Sau uku kika tashi shan ruwa daren jiya,
sau uku na ji ƙofar bayi.
Haka uwarki ta fara.
Gobe, in kin gama da nawa yatsan,
ki miƙa naki."